Rushe Kasuwar Makola: Manufa Ba Ta Wanke Hanya

A ranar 18 ga Agusta, 1979, sojojin gwamnatin juyin juya hali ta Jerry John Rawlings suka rushe Kasuwar Makola da ke tsakiyar birnin Accra, kasuwar da aka gina tun 1924. Hujjarsu ita ce 'yan kasuwa, musamman mata, suna ɓoye kaya su tsawwala farashi, abin da mutanen Ghana ke kira "kalabule". A waɗannan watanni an yi wa mata bulala a bainar jama'a saboda sun sayar da kaya fiye da farashin gwamnati. Talakawa da yawa sun yi murna, domin yunwa ta kai su maƙura.

Masu kare wannan mataki kan ce aiki da sakamakonsa ake auna shi. Ra'ayi ne mai tushe, wanda Jeremy Bentham da John Stuart Mill suka yi wa hidima a Ingila: aikin da ya fi amfanar mafi yawan jama'a shi ne daidai. Ba kuwa za a musa cewa ɓoye abinci zalunci ne ba. Shari'ar Musulunci ma ta haramta shi.

Sai dai ko da ma'aunin nasu aka auna, hujjar ba ta tsaya ba. Ƙarancin kaya ya samo asali ne daga durƙushewar masana'antu, da faɗuwar darajar sidi, da ƙayyade farashin da bai dace da tsadar kaya ba. Rushe rumfuna bai ƙara ko mudu ɗaya na shinkafa ba. Ciniki ya koma bayan fage, wahala ta ci gaba. A 1983 gwamnatin Rawlings da kanta ta rungumi shirin farfaɗo da tattalin arziki, ta fara sassauta ƙayyade farashi.

To, da a ce kaya sun yi araha fa? Nan ne gizo ke saƙa. Mai ɗaukar mataki ba ya ganin gobe, hasashe kawai yake yi. Amma hanyar da ya zaɓa tana gabansa ƙarara. Hukuncin kan mai uwa da wabi ya haɗa mai ɓoye kaya da mai sayar da tattasai, ya kuma taɓa duk wanda abincinsa ya rataya a kan kasuwar, har da 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwa na unguwannin zango irin su Nima da Maamobi. Ba a gurfanar da su gaban alƙali ba, ba a ji ta bakinsu ba. Abin da Immanuel Kant ya yi gargaɗi a kansa ke nan: mayar da ɗan Adam makami don cim ma wata bukata.

Sakamako yana da muhimmanci, amma cikin hanyoyin da suka halatta ake neman mafi amfani. Shugaban da aka yafe wa zalunci yau don ya yi alkawarin alheri, gobe ba ya bukatar alkawarin ma.