Tudun ƙasar da ke shayar da mu

Idan famfo ya ƙafe a Unguwar Shanu, Malali kowa yake kallo, domin can matatar ruwa take. Ba kasafai za ka ji an ambaci Kangimi ba. Alhali da rani, sa'ad da Kogin Kaduna ya ja baya har duwatsunsa suka fito fili, ruwan da aka tare a Kangimi, cikin ƙaramar hukumar Igabi, shi aka tanada don a sako wa kogin, injina su sami abin zuƙa.

Dam ne na ƙasa, ɗan shekarun 1970. Lokacin kuwa ana yayinsu a Arewa. Farin 1972 zuwa 1974 ya karkashe shanu, ya ƙafar da rijiyoyi, ga kuma kuɗin mai a hannun gwamnoni. Audu Bako, wanda a barikin 'yan sanda na nan Kaduna aka haife shi, ya cika jihar Kano da su: Bagauda, da Tiga da aka gama a 1974, da ƙanana masu yawa a karkara. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta tare rafin Kubanni a Samaru don shan mutanenta.

Ginin ba shi da wani sirri. Yumɓu ake sawa a tsakiya, a riƙa zuba ƙasa ana daddaɓewa hawa-hawa, a jera duwatsu ta fuskar ruwa, a shuka ciyawa ta baya, sannan a bar mafita a gefe don rarar damina. Araharsa ke nan, rauninsa ma ke nan. Abokan gabansa ƙanana ne: gara, gafiya, saiwar bishiyar da aka bari ta girma a kan gangar, da kofaton shanun da suka mai da wurin burtali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya san aikin, da rani yake bin gindin gangar yana duba ƙasa. In ya ga wani wuri ciyawa ta yi kore shar alhali ko'ina ya bushe, sai ya tsuguna ya kamfato ruwan da ke tsattsafowa. In garau yake, da sauƙi. In ya fito da launin ƙasa, to ruwa ya fara cin dam ɗin ta ciki.

A watan Agustan 1988 Bagauda ya ɓalle. A Satumbar 2024 dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri ambaliyar da duk muka gani. Waɗannan su ake bugawa a jarida. Ni kuwa mutuwar da ba ta da ƙara ta fi damuna, wato cikewa. Ana noma har bakin ruwa, an sare itatuwan rafi, kowace damina yashi da laka suna gangarowa su kwanta. Daga sama ka ga ruwa shimfiɗe, ka ce Alhamdu lillahi, ashe zurfin ya tafi. Masanan jami'ar sun daɗe suna auna wannan ciwo a Kubanni, a ƙofar gidansu.

Yashe dam da sare saiwa ba aikin da ake yanka kyalle a kansa ba ne, ba a kiran maroƙa, shi ya sa yake rasa mai shi. Mu ma mutanen gari da namu: mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, ya daina tambayar inda ruwan gwamnati ya kwana, kuma shi ne wanda in ya yi magana za a ji. Aka bar matar da ke gidan haya tana leƙen lungu tun asuba, ko ɗan ga-ruwa zai ɓullo da kurarsa, tana lissafin jarka nawa kuɗin cefane zai iya ɗauka.