Aba Ta Canja Mai Ba Ta Wuta, Saura Mita

Ran 26 ga watan Fabrairu na 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Kashim Shettima, ya buɗe tashar lantarki ta kamfanin Geometric a Osisioma, kusa da Aba. Tashar tana aiki da iskar gas, wutarta kuwa an keɓe ta ne domin ƙananan hukumomi 9 daga cikin 17 na Jihar Abiya. Uban tafiyar shi ne Farfesa Barth Nnaji, tsohon ministan lantarki.

Kafin wannan canji Aba tana hannun kamfanin rarraba wuta na Inugu ne, watau ɗaya daga cikin kamfanoni 11 da suka gāji tsohuwar Hukumar NEPA sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta sayar da harkar a 2013. A 2022 ne kamfanin Aba Power ya karɓi wayoyi da turakun yankin.

To, 'yan Arewa mazauna Aba, kamar teloli da masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara, ya kamata su gane abu guda: ba mai shago ne ya zaɓi sabon kamfani ba, garin ne dungum aka canja wa ubangida. Waya ɗaya ce ta shiga kowace unguwa, wanda ke riƙe da ita kuwa shi ke da ciniki. Ƙa'idar 2017 da ta yarda mutum ya sayi wuta kai tsaye daga mai samar da ita, a wancan lokaci manyan masana'antu kaɗai ta shafa, masu shan megawat 2 zuwa sama.

Duk da haka canjin yana da amfani. Wutar da aka samar a bakin gari ba ta bin dogayen layukan ƙasa masu yawan durƙushewa, mai ƙara kuma ya san ƙofar da zai buga. Amma fa tashar ba ta motsi sai da gas, in gas ya yanke sai masu ɗinkin takalma na kasuwar Ariaria su koma wa janareta da man fetur mai tsada.

Batun kuɗi ma abin dubawa ne. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin masu samun wuta awa 20 a rana zuwa N225 kowane ma'auni. Watau yawan wuta yawan biya. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwarsu, saboda haka kukan tsada zai riƙa komawa gidan gwamnan jiha maimakon Abuja.

Inda baƙo ya fi cutuwa shi ne gidan haya. Akasarin 'yan ci-rani ba su da mita ta kansu; takardar kuɗi tana zuwa da sunan mai gida, shi kuwa ya kasafta yadda ya ga dama, wani lokaci har da bashin waɗanda suka tashi tuni. Canjin kamfani ba ya yafe tsohon bashi.

Don haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su haɗa kan jama'arsu su nemi mita mai kati ga kowane shago, kuma kada kowa ya kama haya sai ya ga rasit na ƙarshe. Wanda ba shi da mita, ko sau goma aka canja kamfani, kuɗin wani zai ci gaba da biya.