Keken Tsada Ba Ya Tuƙa Kansa

Jama'a, duk wanda ya san Tamale ya san garin keke ne. Manomi da ɗalibi da mai kai kaya kasuwar Aboabo duk a kansa suke, har gefen manyan tituna an ware masa hanyarsa. To, yanzu ga wani sabon yayi ya shigo wa samarinmu masu motsa jiki da keke a kan titin Savelugu: wai in ba ka hau keken kabon mai yanka iska ba, ba ka fara ba. Har za ka ji yaro na neman taɓa jarin da ubansa ya ba shi don ya sayi keke. Ni a ganina wannan asara ce, kuma ga dalilina.

Maganar iska gaskiya ce, babu musu. Masana sun tabbatar cewa in ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska na ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da za ka kashe wajen keta ta kuma sau takwas. Shi ya sa a gasar Tour de France ta 1989, Ba'amurke Greg LeMond ya shiga ranar ƙarshe Laurent Fignon na Faransa na gabansa da daƙiƙa 50, amma ya ɗaura wa kekensa wani sabon kai mai sa mutum ya tsuke jiki, ya sa hula mai tsini, ya lashe gasar da daƙiƙa 8 kacal. Sai dai a tuna, LeMond gudun sama da kilomita 54 a awa ya yi a ranar. Wane ne a cikin yaranmu ke wannan gudun?

Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, kusan kashi uku cikin huɗu na turjiyar iska jikin mahayi ne ke jawo ta, ba keken ba. Wanda ya hau keken dubban sidi sanye da riga mai buɗewa kamar tuta, ƙirji a miƙe, ya zubar da kuɗinsa. Wanda kuwa ya sa riga mai kama jiki, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya sunkuya, ya samu mafi yawan amfanin ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Haka in ka laɓe daf da bayan abokin tafiyarka, kana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarka. 'Yan'uwanmu na Paga da ke ganin 'yan tseren Burkina Faso, ƙasar da ta fara gasar Tour du Faso tun 1987, sun san yadda suke jeruwa kamar raƙuman ayari. Duk wanda ya taɓa nufar Bolgatanga a keke lokacin hunturu, iska na dukan fuskarsa, ya san darajar wannan dabara.

Sannan ga batun gyara. Keken ƙarfe in ya karye, mai walda na bakin titi zai ɗinke maka shi. Na kabon in ya tsage, walda ba ta kama shi, kuma tsagar kan ɓuya a ƙarƙashin fenti har sai ranar da ya watse da mutum a tsakiyar titi. A nan nake kira ga 'yan kasuwarmu masu shigo da kekunan gwanjo: ku ji tsoron Allah, ku duba kaya kafin ku sayar, in da aibi ku faɗa.

Na san za a ce araha ba ta ado. Haka ne, ba kuma cewa nake a sayi tarkace ba. Wanda ya yi nisa har yana shiga gasa, kuma yana da hali, ya saya, kuɗinsa ne. Amma ɗan koyo ya fara da keken da ya yi daidai da tsayinsa, da tayoyi masu kyau da isasshiyar iska, da birki mai ci, da sarƙa mai shan mai, da hular kwano. Sauran kuma atisaye ne, safe bayan safe.

Iyaye da iyayen gida, in yaro ya zo da wannan magana, a zaunar da shi a yi masa lissafi. Daidai ruwa daidai tsaki. A bar jari a kasuwa inda zai haihu. Allah Ya sa mu dace.