A riƙa faɗin agogon wace ƙasa ake nufi

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu, wai agogon Nijar da na Faransa ɗaya ne. Gaskiya ne, amma na wata biyar kacal a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris Faransa takan tura agogonta gaba da awa ɗaya, ba ta maido shi sai Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba. A tsakanin nan, in ƙarfe 8 ta buga a Yamai, a Paris ƙarfe 9 ce. Ingila ma haka take yi a ranakun nan, shi ya sa a lokacin zafinsu Landan ce ke daidai da mu, da sanyi kuwa tana bayanmu da awa ɗaya.

Faransa ta koma ga wannan tsari a 1976 bayan tsadar man fetur ta 1973, don a ci moriyar hasken rana da yamma, a rage ƙona lantarki. A can tsawon wuni yana bambanta ƙwarai tsakanin zafi da sanyi. Mu nan bambancin bai taka kara ya karya ba, saboda haka agogonmu ba ya motsi: kullum awa ɗaya gaba da GMT, daidai da Najeriya, Cadi da Kamaru. Gana da Burkina Faso suna kan GMT. Saudiyya na gaba da mu da awa biyu.

To laifin namu ne, mu masu rubuta sanarwa da masu karanta ta a rediyo. Sai a kwafo takarda daga Turai an rubuta 15h, a fassara "ƙarfe 3 na yamma", a yi shiru. Ɗalibin da zai yi jarrabawa ta intanet a watan Yuni ya zauna ƙarfe 3 agogon Maraɗi, alhali an fara tun ƙarfe 2. Wa zai biya shi shekararsa?

A ganina, duk sanarwar da ta tsallako iyaka, mai rubutu ya yi lissafin da kansa, ya sa rana da wata, ya ce ƙarfe kaza agogon Nijar, sannan ya ƙara na GMT saboda masu saurare daga Kumasi. Kada a bar wa mai karatu lissafi. A kuma tuna tikitin jirgi yana nuna agogon garin da aka tashi da na garin da za a sauka, kuma Amurka tana canza nata agogon tun Lahadi ta biyu a watan Maris, ba rana ɗaya da Turai ba.