Man Zurma a Bangon Firji

Duk wanda ya taɓa ganin 'yan gwangwan suna fasa tsohon firji ya san wani soso mai tauri, rawaya-rawaya, da ke cike tsakanin ƙarfen waje da robar ciki. Shi ne ke tsare sanyi, a firji da ɗakin ajiyar alluran rigakafi da motar kifi. Ana kiransa poliyuritan, kuma Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka gano shi a Jamus a 1937. Ruwa biyu ake haɗawa, poliyol da aisosayanet, sai haɗin ya kumbura ya daskare cikin mintuna kaɗan, ya kulle iskar gas a miliyoyin ƙananan ramuka. A yau, kusan duk kayan haɗin daga ɗanyen mai suke fitowa.

Masana sun daɗe suna samar da poliyol daga man tsirrai, kuma wannan jarida tana goyon bayan aikin. Amma muna da sharaɗi: kada a taɓa tukunyar talaka. Man waken suya da manja abinci ne, kuma sai an yi musu aikin sinadari kafin su yi amfani a nan. Duniya ta ga dazuzzukan da aka sare a Indonesiya da Malesiya domin gonakin kwakwar manja.

Zurma daban take. Ba a cin manta, tana jure fari, kuma Allah Ya halicci man nata da siffar da haɗin ke buƙata, kusan a shirye. Indiya, musamman jihar Gujarat, ita ce ke riƙe da kasuwar man zurma ta duniya, alhali a nan arewa tsiron yana fitowa da kansa a bakin juji da bayan gida, ba mai kallonsa. Ƙwayar zurma na da guba mai kisa, don haka matse ta aikin masana'anta ne, ba na tsakar gida ba.

Kada kuma 'yan kasuwa su ruɗe mu da tambarin ganye a jikin kaya. Aisosayanet, wanda yakan kai rabin nauyin soson ko fiye, har yanzu ɗan fetur ne, kuma soson na cin wuta idan ba a sa masa maganin hana kamawa ba.

Muna kira ga jami'o'inmu da cibiyoyin binciken noma su gwada irin zurmar da muke da ita, su auna yadda sosonta ke jure zafin Afrilu. Manoman tumatir na Kadawa, da ke kallon amfanin gonarsu yana ruɓewa a kwando saboda rashin ɗakin sanyi, su ya kamata a fara yi wa aikin.