Ɗakin Gwaggo, Makarantar da Muke Rufewa da Hannunmu

Duk wanda ya tashi a gidajen Hausawa na Agla ko na Zongo a nan Kwatano, da wuya a ce bai san wata tsohuwa irin Gwaggonmu ba. Ƙanwar kakanmu ce, amma ɗakinta muke fara shiga in mun taso daga makaranta. Mazanmu takan kira su “maigida”, ta miƙa hannu tana neman kuɗin cefane. Matanmu kuwa “kishiya”, wai sun zo ƙwace mata miji. Har ta koma ga Mahaliccinta, Dahome take kiran ƙasar nan, ko da yake an sauya sunan tun 1975.

In damina ta kankama, ruwa ya cika layukan Agla har zemijan ya kasa shigowa, a kan gadonta muke cunkushewa. Sai ta ɓare goro ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” mu amsa baki ɗaya, Gizo da Ƙoƙi su shigo ɗakin. In tatsuniya ta ƙare, tarihi ya biyo baya: yadda fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da jakunansu, su ratsa ƙasar Borgu, su yada zango a Nikki da Jugu, su nufi Gwanja sayen goro. A bakinta muka gane cewa sunan Zongo kansa daga kalmarmu ta zango ya fito. Ta san wanda ya auri wance, da gidan da za mu sauka in tafiya ta kai mu Maraɗi.

’Yan uwa, a Kano ko titi malamin Hausa ne. A nan kuwa, makaranta Faransanci take yi, kasuwa da harshen Fon take ci, Hausa ba ta da fili sai ɗakin tsofaffinmu. Mu kuma mun mai da su ɗakin baya, mun ɗauka tuwo da kuɗin magani sun sauke mana nauyi. Jika yakan leƙa ya gaishe su da Faransanci ya wuce, su bi shi da ido.

Wani zai ce yaro ba zai ci jarrabawa da tatsuniya ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar boko ba. Gwaggo da kanta da harshen Fon take ciniki a Dantokpa, bai rage mata komai ba. Abin tsoro shi ne yaro ya iya harshen kowa, ya kasa gaida danginsa a wurin ta’aziyya, ya kasa faɗin garin da kakansa ya fito.

Don haka duk gidan da Allah ya bar wa tsohuwa, a tura mata yara bayan magariba, a kashe talabijin. A tambaye ta sunayen kakanni da garuruwansu, a naɗi muryarta a waya, a rubuta. Mu ba mu yi ba. Sai bayan an kai Gwaggo makwancinta muka fara tambayar juna sunan mahaifiyarta, aka rasa mai amsawa.

Allah Ya jiƙanta da sauran magabatanmu, Ya ba waɗanda ke raye tsawon rai da lafiya.