Wasiƙa Zuwa Ga Makaɗan Jita Masu Shirin Sayen Ta Hannu

Ya ku ƙannena makaɗan jita, maza da mata,

 

Kusan duk wanda ya koyi kiɗa da jitar aro, ranar da ya tara ɗan abin hannunsa jita guda yake mafarki: ta katako mai shiga lasifika, wadda zai kaɗa a ɗaki ko babu wuta, ya kuma jona ta a wurin taro ta cika fili. Sabuwa mai kyau ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, sai a koma ga ta hannu. Babu aibu a wannan ko kaɗan. Jitar da ta shekara goma ana kaɗa ta ba ta lalace ba ta riga ta nuna halinta. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda nake ganin yara suna zuba kuɗin guminsu a kan jitar da ta riga ta mutu, saboda sun duba abin da ake iya gyarawa sun bar wanda ba ya gyaruwa.

Ga yadda cinikin yake tafiya. Kana shiga shago, kafin ka zauna mai kaya ya ɗauko waya ya soka a gindin jitar, ya murɗa amfilifaya, ya buga tsirkiya sau biyu, shagon ya ɗauka. Sai ya nuna maka fitilar da ke ƙyalli a gefe da sunan da ke rubuce a kai. A wannan lokacin yawancin masu saye sun riga sun saya a zuci. To, ka ce masa cikin ladabi, "Maigida, a zare wayar tukuna." Wannan jita katako ce kafin ta zama komai. Kayan wutar daga baya aka ƙara su. Sai a shekarun 1970 kamfanoni irin su Ovation na Amurka da Takamine na Japan suka yaɗa dabarar shimfiɗa wani siririn abu mai jin motsi a ƙarƙashin ƙashin da tsirkiya ke hawa, alhali kamfanin Martin tun 1833 yake ƙera jita. Idan kayan wuta suka mutu ana cirewa a sa wasu. Idan wuya ya sunkuya ko fuska ta kumbura, a garuruwanmu da ƙyar za ka sami wanda zai iya mayar da su.

Fara da ɗaure tsirkiya. Kunna manhajar saita sauti a wayarka, ka kai kowace tsirkiya matsayinta na asali. Kada ka yarda da ɗaurin da ka tarar. Wasu masu sayarwa suna sassauta tsirkiya da gangan, domin jita mai ciwo takan yi laushi a hannu idan ba a ja ta sosai ba. Tsirkiyoyin ƙarfe shida idan an ɗaure su daidai suna jan katakon da nauyin da ya kai kusan kilo 70, fiye da buhun siminti, dare da rana, shekara da shekaru. Yawancin ciwon tsohuwar jita daga wannan jan yake fitowa, kuma ba za ka gan shi ba sai nauyin yana kanta.

Bayan ka ɗaure, ka ƙirga ƙarafan da ke jere a wuya har zuwa na goma sha biyu, ka duba tazarar da ke tsakanin kansa da tsirkiya mafi kauri. Milimita biyu zuwa biyu da rabi shi ne lafiya. In ba ka da rula, katin banki uku a haɗe sun kai kusan haka. Idan ukun suka shige da ɗan gogawa, madalla. Idan huɗu suka wuce ba su taɓa komai ba, tsirkiyar ta yi sama, za ta ci maka yatsu, kuma sautin zai riƙa kaucewa duk lokacin da ka hau saman wuya.

Amma kada ka tsaya nan, domin a nan ne ake ɓoye babban ciwo. Mai da idonka kan jakin, wato katakon da aka manne a fuskar jita inda tsirkiyoyi ke ƙarewa, ka duba farin ƙashin da ke zaune a cikinsa. Nawa ya rage a waje? Idan tsirkiya ta yi sama amma ƙashin yana da tsawo, ƙaramin aiki ne, a ciro shi a goge gindinsa da sanfefa. Idan kuwa ƙashin an riga an cinye shi har ya kusa nutsewa cikin jaki, tsirkiyar kuma har yanzu tana sama, to wani ya riga ka yin wannan dabarar, ta ƙare. Wuyan ne ya sunkuyo gaba saboda jan shekaru. Ka tabbatar da haka da doguwar rula: shimfiɗa ta a kan ƙarafan wuya, ka tura ta har ta isa jaki. A jita mai lafiya bakin rular zai sauka daidai saman katakon jakin. Idan ya tunkuyi jikinsa can ƙasa, ajiye jitar ka yi godiya ka fita. Gyaran sai an ɓalle wuyan an sake zaunar da shi, aikin ƙwararru ne, kuma kuɗinsa yakan fi kuɗin irin jitar da muke saye. Mai kaya zai ce maka, "Ai akwai ƙarfe a cikin wuyan, da alanki za a murɗa ya miƙe." Akwai ƙarfen, gaskiya ne, amma aikinsa miƙar da lanƙwasar tsakiyar wuya. Ba ya ɗaga wuyan da ya sunkuya daga tushe. Na sha ganin wanda aka murɗa wa ƙarfen nan da ƙarfin tsiya har ya tsinke a ciki, aka rasa duka biyun.

Lanƙwasar tsakiyar ma tana da gwaji. Danne tsirkiya mai kauri a ƙarfe na farko da na goma sha huɗu lokaci guda, ka leƙa ƙarfe na bakwai. Ana son 'yar tazara da ba ta kai rabin kaurin katin banki ba. Ka kuma roƙi a murɗa ƙarfen cikin wuyan kaɗan a gabanka, hagu da dama, don ka san yana motsi.

Sai jakin kansa. Yagi 'yar takarda ka gwada cusa ta ƙarƙashinsa ta baya. Idan bakinta kawai ya shiga, ana iya zama da shi a sa ido. Idan ta shige ta ɓace, jakin ya fara tashi, kuma wata rana zai ɓalle da tsirkiyoyi duka. Ana iya cire shi a sake mannewa da gam na katako, sai dai ka duba ko wani ya riga ya ɗura masa sufa gulu ko ya kafa masa ƙusoshi, domin wannan ɓarna ce da ke wahalar da mai gyara na gaba. Ɗaga jitar daidai idonka ka hango fuskar daga gefe. Ɗan tudu a bayan jaki al'ada ce. Babban kumburi a baya tare da lotsawa a gaban ramin sauti yana nufin sandunan da ke tallafe da fuskar daga ciki sun saki. Ƙwanƙwasa fuskar da gaɓar yatsa a wurare daban-daban. Inda sanda ta saki za ka ji wani kaskas maimakon amo. Sassauta tsirkiya, kunna tocilan, ka tura wayarka ciki ta ɗauko hoto. Minti biyu ne, kuma abin da za ka gani a ciki, tsohon gam da faci da tabon ruwa, ba wanda ya yi masa kwalliya domin kai.

Yanzu zan faɗi abin da wasu manyanmu ba za su so ba. An koya mana cewa jita ta gaske ita ce mai fuskar katako tsantsa, ta filawud kuwa ta 'yan koyo ce. A amo, tsantsar ta fi, ban musa ba. Amma masu ƙera irin waɗannan, kamar Martin da Taylor, suna cewa a ajiye su inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram, tsakiyar hunturu, laimar takan faɗo ƙasa da kashi 20. Jitar da ta sha danshin Legas ko Kwatano, aka ɗoro ta a mota zuwa Arewa a watan Janairu, katakonta zai tsuke, fuska ta tsage daga jaki zuwa gindi, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu. Filawud ya fi jure wannan. Idan aikinka a taro yake, kullum jitar tana cikin lasifika, tana bayan babur, tana shan rana, ni filawud mai lafiyayyen wuya zan zaɓar maka, kuma cikin amon lasifika kaɗan ne za su rarrabe. Kana iya gane wadda ke hannunka ta bakin ramin sauti: a tsantsa, layukan katakon suna gangarowa har cikin kaurin bakin, a filawud kuwa za ka ga hawa-hawa.

Tsagar da ta bi layin katako, ba ta kai jaki ba, tana gyaruwa, sai dai a rage kuɗi. Wadda za ka nema da kyau ita ce ta bayan wuya, daidai inda kai ya haɗu da shi, domin nan jita ke karyewa idan ta faɗi. Karkata wurin a hasken rana ka nemi layin gam ko fentin da bai yi kama da na kewaye ba. Kunnuwan ɗaure tsirkiya, da ƙusoshin roba na jaki, da tsatsar tsirkiya, da ƙujewar fenti, duk ƙananan abubuwa ne, kada su hana ka jita mai kyau. Ka dai bi ƙarafan wuya ɗaya bayan ɗaya a kowace tsirkiya, ka saurari inda sauti ke shaƙewa.

Sai yanzu za ka ce a dawo da wayar. Kafin a jona, buɗe gidan batir. Yawancinsu batir mai kusurwa huɗu suke ci, mai bolt 9. Idan ka ga farin gari ko kore-kore a kan ƙarafan, tsohon batir ya zube a ciki, kuma mai yiwuwa cin ya wuce inda ido ke gani. Je da sabon batirinka da wayarka, don kada a ɗora laifin a kansu. Bugi tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya da ƙarfi iri ɗaya. Idan biyar suna fita ɗaya tana noƙewa, galibi gindin ƙashin ne bai zauna daidai ba, kuma yana gyaruwa. Murɗa kowane maɓalli har ƙarshe ka ji ko yana ƙarƙar. Girgiza wayar a bakin soket. Idan sauti yana ɗaukewa yana dawowa, soket ɗin ya saki, aikin mai gyaran rediyo ne. Gunjin da ba ya yankewa kuwa wani lokaci daga wutar shagon yake, musamman in janareta ake ja, don haka a gwada wata jitar a amfilifaya ɗin kafin a yanke hukunci. Abu guda da za ka yi la'akari da shi: akwatin maɓallan da aka huda gefen jita aka zaunar, idan ya mutu, samun wani mai girmansa daidai yana da wuya. Ko da hakan ta faru jitar ba ta tashi aiki ba, akwai na'urar ɗaukar sauti da ake maƙalawa a ramin ba tare da an huda komai ba.

Sunan da ke kan jita shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira. Jabun Martin da Gibson da Yamaha suna yawo a kasuwanni, da tambari da takardar ciki da komai. Nemi lambar da aka buga a ciki, sau da yawa a kan katakon da wuya ya zauna a kai, ka bincika ta a intanet kana tsaye. Babban suna a farashin banza abu biyu ne, ko jabu ko na sata. Ana sace kayan kiɗa a majami'u da situdiyo, kuma makaɗa sun san kayan junansu. Tambayi inda ta fito, ka karɓi rasit. Haka nan idan ka ga jita mai faɗin wuya, wadda ake ƙulla tsirkiyarta a jaki, irin ta tsirkiyar roba ce. In an ɗaura mata ta ƙarfe an cuce ta, ba a gina ta don wannan jan ba.

Na san za a ce makaɗin jitar nan Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ga shi yau duniya tana sauraronsa. Haka ne, hannu ya fi kaya. Sai dai shi bai biya kowa kuɗin wannan jitar ba. Kai da za ka ƙirga kuɗin da ka yi watanni kana tarawa, haƙƙinka ne ka zauna rabin sa'a kana dubawa, kuma mai kayan kirki ba zai ƙosa ba. Wanda ya fara cewa "wani ma yana zuwa ɗauka da yamma" tun ba ka gama ɗaure tsirkiya ba, bar wa mai zuwan. Je da wanda ya fi ka daɗewa a kiɗa, ya kaɗa kai kuma ka koma nesa ka saurara. Wajen ciniki, lissafa abin da gyara zai ci, sabuwar tsirkiya da soket da manne jaki, ka faɗa wa mai kaya dalla-dalla, a cire daga farashin. Kada ka zuba duk kuɗinka a jitar, ka rage na jaka mai kauri.

In Allah ya sa ta zama taka, ka riƙa zare waya daga soket da zarar ka gama, domin a yawancinsu shigar wayar ce ke kunna batir. Kada ka bar ta a but ɗin mota ko jingine da bangon da rana ke duka, zafi yana narkar da gam. Da hunturu ya kama, jiƙa ɗan soso ka matse shi sosai, ka sa a robar sabulu da ka huda, ka ajiye cikin jakar tare da jitar ba tare da ya taɓa katakon ba, ka riƙa sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu har iska ta juya.

Naku a sana'a,
Yayanku, makaɗin jita.